Kan turke sakakke ko kamamme: abin da ke yanke ƙarfin harsashi idan turi ya zo daga gefe

Da sanyin safiyar ranar 27 ga Yuni, 2009, wani bene mai hawa 13 da ake dab da kammalawa a gundumar Minhang ta birnin Shanghai ya kife ya kwanta a ƙasa ɗungurungum. Jikin ginin bai tarwatse ba, har gilasan tagogi da dama suna nan ba su fashe ba. Ma'aikaci ɗaya ya rasa ransa. Da masu bincike suka duba, sai suka tarar an jibge tsibin ƙasa mai tsayin kusan mita 10 a arewacin ginin, a kudancinsa kuma ana haƙa ramin garejin motoci mai zurfin mita 4.6, ga ruwan sama ya jiƙa ƙasar sharkaf. Ƙasa ta turo daga ɓangaren tsibin zuwa ɓangaren ramin, turakun kankaren da benen ke tsaye a kansu suka kakkarye. Nauyin hawa 13 ɗin kuwa suna ɗauke da shi lafiya lau kafin wannan rana. Abin da ya ci su ta gefe ya zo.

Turken harsashi dogon ginshiƙi ne na kankare ko na ƙarfe, a da har na itace, wanda ake bugawa cikin ƙasa ko a haƙa rami a zuba shi, domin ya ratsa ƙasa mai laushi ya kai nauyin gini can ciki inda ƙasar ke da ƙwari. Duk wanda ya taɓa bi ta gadar Third Mainland a Legas, mai tsawon kilomita 11.8, ko gada ta biyu ta Kogin Neja tsakanin Asaba da Onitsha, a kan irin waɗannan turaku ya wuce. Idan aka ce ƙarfin turke, abin da ke fara zuwa wa mutane, har da wasu masu sana'ar gini, shi ne ton nawa zai ɗauka daga sama. Alhali akwai ƙarfin da ke zuwa a kwance: iskar da ke dukan dogon bene, igiyar ruwa da ambaliya a jikin ƙafar gada, birkin tirela mai lodi, ƙasar cikon da ke bayan katangar bakin gada, jirgin ruwa da ya jingina da tasha, sai kuma girgizar ƙasa.

Mai aiki yakan so a ba shi lamba ɗaya, a ce wannan turke zai jure turin ton kaza daga gefe. Irin wannan lamba ba ta da ma'ana sai an faɗi halin da kan turken yake ciki. Turke ɗaya, a ƙasa ɗaya, zai iya ba da amsar da ta ninka wata sau biyu ko uku, gwargwadon ko an bar kansa ya karkata ko an hana shi.

Kafin a zo maganar kai, sai an fahimci inda ƙasa take yin aikinta. Wanda ya taɓa lura da turken sa a garke ya san yadda abin yake: san yana ja yana saki, bakin ramin yana faɗaɗa, amma gindin turken yana nan inda yake. Haka turken gini. Idan an tura shi ta gefe, ƙasar sama ce ke shan wahalar, wadda ba ta wuce zurfin da ya ninka kaurin turken sau biyar zuwa goma ba. Ita ce kuma mafi rauni, domin ba abin da ke danne ta, ita ruwa ke jiƙawa, ita rana ke tsagawa, ita ake haƙewa a mayar. Turken da aka buga mita 30 domin ya ɗauki nauyin sama, mita biyar ko shida na farko ne kawai ke kare shi daga turin gefe. Ƙara masa tsawo ba ya ƙara masa komai a wannan fanni.

Sakakken kai shi ne wanda idan an tura shi yana iya gocewa kuma yana iya karkata. Turken allon talla ke nan, da ƙafafun da ake kafa faranten sola a kansu, da ƙaton bututun da ke ɗauke da injin iska a teku. Kamammen kai kuwa yana iya gocewa gefe amma ba ya karkata, saboda an binne shi a cikin wata ƙatuwar hular kankare da ta haɗe turaku da yawa, ita kuma hular tana zaune daram. Siffar lanƙwasar ma ta bambanta. Sakakke yana rusunawa ne gefe ɗaya. Kamamme yakan lanƙwasa sau biyu, sama ta wani gefen, ƙasa ta ɗaya gefen.

Me lissafi ya ce

Hanya mafi tsufa ta auna wannan abu ta samo asali ne daga Emil Winkler, wanda a 1867 ya kawo tunanin a ɗauki ƙasa a matsayin jerin sifirin, kowane yana matsewa gwargwadon yadda aka danna shi. A 1946 Miklos Hetenyi ya fitar da cikakkun amsoshin lissafin sandar da ke kwance a kan irin wannan shimfiɗa, kuma su ne injiniyoyi suka juya suka yi amfani da su a kan turaku. Amsar tana da sauƙin riƙewa: a ƙasar da taurinta ɗaya ne daga sama har ƙasa, dogon turke mai kamammen kai yana gocewa rabin abin da mai sakakken kai ke gocewa.

Bari mu sa lambobi domin a ga abin a fili. A ce turken kankare ne mai kaurin santimita 60, dogo, a cikin laka mai matsakaicin tauri, wadda ma'aunin taurinta ya kai kiloniyuton 10,000 a kowace murabba'in mita. A tura kansa daidai da fuskar ƙasa da ƙarfin kiloniyuton 100, wato kimanin ton 10. In kan sakakke ne, zai goce kusan milimita 6.8. In kamamme ne, milimita 3.4. A yashi, inda tauri ke ƙaruwa da zurfi, tazarar ta fi haka. Lissafin da Lymon Reese da Hudson Matlock suka fitar a Texas tsakanin 1956 da 1960 ya nuna sakakken kai yana gocewa kusan ninki 2.6 na kamamme.

Wanda ya tsaya a nan zai ce ai magana ta ƙare, a kama kai kawai. To, amma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ƙarfin da ke neman lanƙwasa turken ba ya ɓacewa don an kama kai, wuri yake sauyawa, kuma girma yake yi. A misalinmu, turke mai sakakken kai yana fuskantar lanƙwasa mafi tsanani a zurfin kusan mita 2.3, kuma girmanta a ma'aunin lanƙwasa kiloniyuton-mita 95 ne. Da an kama kan, lanƙwasa mafi tsanani ta hau sama ta zauna daidai mahaɗar turke da hula, ta kuma kai 148. An rage gocewa da rabi, an ƙara wa turke wahala da fiye da rabi, an kuma tara wahalar a wurin da ya fi ko'ina shan hannun ma'aikata. Za mu dawo kan wannan mahaɗa.

Duk wannan maganar ƙaramin turi ce, wanda idan an saki turke zai koma inda yake. Tambaya ta biyu ita ce yaushe abin zai gaza gaba ɗaya. A nan sunan da ba a tsallakewa shi ne Bengt Broms, injiniya ɗan Suwidin, wanda a 1964 ya wallafa nazari biyu, ɗaya kan laka ɗaya kan yashi, waɗanda har yau ana koyar da su. A laka, Broms ya ce a yi watsi da ƙasar sama mai zurfin kaurin turke ɗaya da rabi, kamar babu ita, daga nan zuwa ƙasa kuma a ɗauka lakar tana iya tokarewa da ninki tara na ƙarfin kamunta, wato ƙarfin da lakar ke riƙe jikinta da shi. A yashi ya ce a ɗauki ninki uku na matsin da yashi ke iya yi wa katangar da aka turo masa. (Shekaru 20 bayan haka, Mark Randolph da Guy Houlsby suka warware lissafin lakar da tsantsar ka'ida, suka samu tsakanin 9.14 da 11.94, gwargwadon santsi ko kaushin jikin turke. Wato tarar Broms ba ta yi nisa da gaskiya ba.)

Abin da ya sa aikin Broms ya daɗe shi ne ya raba hanyoyin gazawa. Gajeren turke mai kauri ba ya karyewa, ƙasa ce ke sakinsa. In kansa sakakke ne, sai ya juya a kan wani wuri kusa da gindinsa, ƙasar gaba tana tokare sama, ta baya tana tokare ƙasa, wato wani ɓangare na ƙarfin ƙasar ya tafi wajen hana shi kifewa. In kuwa kamamme ne, ba halin juyawa, dole ya ja jikinsa duka a miƙe ta cikin ƙasa, kuma kowane taku na tsawonsa yana tokarewa ta fuska ɗaya. Shi ya sa a yashi, ko da turin daidai fuskar ƙasa yake, gajeren turke mai kamammen kai yana ɗaukar ninki uku na sakakke.

Dogon turke kuma shi ne ke karyewa kafin ƙasa ta gaji. Mai sakakken kai wuri ɗaya ya isa ya karye, can cikin ƙasa, shi ke nan. Mai kamammen kai sai ya karye a wuri biyu, a mahaɗa da kuma cikin ƙasa, kafin a ce ya faɗi. Mutum zai yi tsammanin ninki biyu ke nan, amma ba ya kaiwa. Mu koma ga turkenmu na santimita 60, a ce lakar tana da ƙarfin kamu na kilofaskal 50, wato kiloniyuton 50 a kowace murabba'in mita, shi kuma turken yana iya jure lanƙwasa ta kiloniyuton-mita 500 kafin rodinsa ya miƙe. Ta hanyar Broms, sakakken kai zai kai wajen ton 34, kamamme wajen ton 54. Ninki 1.6 ke nan, kuma a yashi ma kusan haka lissafin ke fitowa.

Akwai lamba ta uku da ta fi waɗannan biyun tayar da hankali. In turin ba a fuskar ƙasa yake ba, ya hau sama da mita biyu kacal a kan sakakken kai, ton 34 ɗin nan zai faɗo zuwa kusan 16. Wannan ba sai an tsara shi da gangan yake faruwa ba. Ambaliya tana kwashe ƙasar da ke kewaye da ƙafar gada, masu ɗibar yashi a gindin gadoji suna taimaka mata, sai a wayi gari turken da aka lissafa a binne yana tsaye tsirara mita biyu ko uku. Ba wanda ya taɓa kankaren, ba wanda ya ƙara lodi, amma ƙarfin gefe ya zube.

Ba kan da ke kamamme ɗari bisa ɗari

A nan gizo ke saƙar. Sakakke da kamamme iyakoki biyu ne na takarda. Ainihin gini a tsakaninsu yake zaune, kuma abu biyu ne ke nuna ko ya fi kusa da wanne.

Na farko ita ce mahaɗar kanta. Wane zurfi turken ya shiga cikin hula? Rodinsa ya shiga da tsawon da zai riƙe? A wurare da yawa al'adar ita ce a shigar da kan turken kankare santimita biyar zuwa goma kawai, a bar rodi ya yi sauran aikin. Ƙa'idar gadoji ta AASHTO a Amurka tana neman turke ya shiga aƙalla inci 12, wato santimita 30, ko inci 6 idan akwai rodin da ya ɗaure shi da hular. Ga turken ƙarfe da ake so ya kamu sosai, akan nemi ya nutse cikin kankare zurfin da ya kai kaurinsa ɗaya zuwa biyu. Abin lura shi ne kuskuren yana tafiya ta fuska biyu. Mahaɗar da aka zana a matsayin kamammiya tana iya tsagewa ta saki idan turi ya yi yawa. Wadda aka zana a matsayin sakakkiya kuma, gwaje-gwaje sun sha nuna tana riƙe lanƙwasa mai yawa, musamman idan nauyin gini yana danne ta daga sama.

Na biyu shi aka fi mantawa da shi. A ce mahaɗa ta yi kyau ba makusa. In hular kanta ta karkata, kan turke ya karkata tare da ita, kamun ya tashi a banza. Me ke hana hula karkata? Ba kaurinta ba ne kawai. Turakun da ke ƙarƙashinta ne: idan turi ya zo, layin gaba yana dannuwa ƙasa, layin baya yana neman tsigewa sama, wannan danna-da-ja shi ke tsayar da hular. Ƙarfinsa ya dogara da yadda kowane turke ke ƙin nutsewa ko tsigewa, da kuma tazarar da ke tsakanin layukan, kuma tasirin tazarar ninkin kanta ne, wato in an ninka ta biyu tsayuwar ta ninku huɗu. Saboda haka hular da ke kan turke ɗaya tilo, ba wata sandar kankare da ta ɗaure ta da maƙwabta, sakakken kai ce komai girmanta. Hular da ke kan layi ɗaya na turaku tana kama kai idan turin ya bi tsawon layin, tana sakinsa idan ya zo a gicce. Harsashi ɗaya, halaye biyu. Robert Mokwa na jami'ar Montana State da Michael Duncan na jami'ar Virginia Tech sun yi nazari kan wannan batu a 2003, suka nuna cewa cikakken kamu abu ne da ba kasafai ake samu ba, kuma ya fi dacewa a sa wa kan turke ma'aunin ƙin juyawa na gaskiya maimakon a zaɓi ɗaya daga iyakokin biyu.

Illar wannan tana da sauƙin lissafi. A misalinmu na farko, in kamun da aka samu rabi ne na cikakke, gocewar za ta zama milimita 5.1 maimakon 3.4. Wanda ya ɗauka kai kamamme ne ya yi kuskure da rabin amsarsa.

To wanne zato ne ya fi aminci? Na sha jin ana cewa a ɗauka sakakke ne, ai shi ne mafi muni, in ya wuce komai ya wuce. Wannan magana rabinta ce gaskiya. Ta fuskar gocewa, haka ne, sakakke shi ne mafi muni. Amma wanda ya lissafa da sakakken kai takardarsa za ta ce masa babu wata lanƙwasa a mahaɗa, sai ya sa rodi kaɗan a wurin, ya tara shi can mita biyu a ƙasa. Ranar da turi ya zo, hular da aka zuba ba ta san abin da aka rubuta a takarda ba, za ta kama kan, lanƙwasar ta taru inda ba a tanadar mata ba. Wanda ya ɗauki kamamme shi kuma ya tsira a mahaɗa, amma ya raina gocewa, ya kuma raina lanƙwasar cikin ƙasa, wadda a lissafin cikakken kamu kashi ɗaya cikin biyar ce kawai ta wadda ke sama. A ganina, inda ba a auna kamun ba, hanyar da ke da hujja ita ce a lissafa duka biyun, a ɗauki gocewa da lanƙwasar ciki daga sakakke, a ɗauki lanƙwasar mahaɗa daga kamamme. Zai ƙara 'yan kilon rodi, amma ba kuɗin da za a yi kuka a kansa ba ne.

Akwai ma wani abu da ke ƙara dagula lissafin. Turken kankare da zarar ya fara tsagewa taurinsa yana raguwa, har ya iya komawa rabi ko ƙasa da haka, don haka kamun da yake da shi a ƙaramin turi ba shi ne zai kasance a babba ba. Sannan turakun layin baya, waɗanda ake ja sama, sun fi saurin tsagewa a mahaɗa fiye da na gaba da ake dannawa, domin danniya tana ƙara wa kankare juriyar lanƙwasa, ja kuma yana rage ta.

Japan ta koyi wannan darasi da tsada. Bayan girgizar ƙasar Miyagi ta 1978 an tono harsashin wasu gine-gine a birnin Sendai aka tarar kawunan turakun kankare sun farfashe. Girgizar Kobe ta 17 ga Janairu, 1995, ta maimaita abin a faɗi mai yawa, kuma kusa da mahaɗar turke da hula na cikin wuraren da aka fi ganin ɓarna. Daga nan kamfanonin gine-ginen ƙasar suka duƙufa wajen ƙera mahaɗar da ke riƙe kai amma ta bar shi ya ɗan juya, da gangan. Hikimar tana cikin lambobin da muka riga muka gani. In aka daidaita kamun ya tsaya wajen kashi 40 cikin ɗari, lanƙwasar mahaɗa da ta cikin ƙasa sukan zo kusan daidai, kowace wajen kiloniyuton-mita 60 a misalinmu. Wato ƙasa da 95 na sakakke, kuma ƙasa da rabin 148 na kamamme. Abin da aka biya shi ne gocewa ta tashi zuwa milimita 5.4. Ga ginin da zai iya jure wannan ɗan motsi, ciniki ne mai riba.

A Amurka kuma akwai gadojin da ake zuba shimfiɗarsu haɗe da katangar baki, ba tare da tsagar da ke barin gada ta miƙe ba. Gadar kankare mai mita 100 tana iya ƙara tsawo da kusan santimita uku in zafi ya sauya da digiri 30, kuma turakun bakin ne za su bi wannan kai-komo shekara da shekaru. A nan taurin kai shi ne abokin gaba. Sai a sa layi ɗaya na turakun ƙarfe, sau da yawa a juya su ta fuskar da suka fi sauƙin lanƙwasa, wani lokaci har a haƙa rami a saman a cika shi da sakakken yashi domin turke ya sami wurin motsi.

Cunkoso, gwaji, da abin da ake yi a wurin aiki

Turakun da ke cikin rukuni ba sa ba da jimillar ƙarfin kowannensu. Na baya yana tura ƙasar da na gaba ya riga ya janye wa jiki. A ƙa'idar AASHTO, in tazarar turaku ta ninka kaurinsu uku, layin gaba ana ba shi kashi 80 cikin ɗari na tokarewar ƙasa, na biyu 40, na uku da sauran 30. In tazarar ta kai ninki biyar, lambobin su koma 100 da 85 da 70. Tunda hula tana tilasta wa duka su goce daidai wa daida, layin gaba ne ke kwasar kaso mafi tsoka, kuma mahaɗarsa ce ke fara jin jiki. Ita ma hular in tana binne tana tokarar ƙasa da ƙirjinta. Gwaje-gwajen Mokwa da Duncan sun nuna wannan zai iya kai kusan rabin juriyar rukunin duka. Sai dai kafin a dogara da shi a tambayi kai: wannan ƙasa za ta kasance a nan bayan shekara 20, ko ruwa zai kwashe ta, ko wani zai zo ya haƙa kwata a jikinta?

Gwajin fili ma yana da nasa tarkon. Hanyar da aka saba ita ce a sa jak tsakanin turaku biyu a tura su, ana auna gocewa. Wannan gwajin sakakken kai ne. Ƙa'idar ASTM D3966, wadda ta tsara gwajin turin gefe a kan turke, ta tanadi yadda za a yi gwaji da kamammen kai, amma yana da wahala da tsada, shi ya sa ba a cika yi ba. Lambar da ta fito daga gwajin jak ba za a ɗauke ta kai tsaye a ce ita ce ƙarfin turke a cikin gini ba, ba kuma za a ninka ta biyu kawai a wuce ba. Amfaninta shi ne a gano halin ƙasar, sannan a sake lissafi da irin kamun da ginin zai bayar.

Hanyar gano halin ƙasar da aka fi bi a yau ita ce ta jadawalin p-y, wanda ke nuna yadda tokarewar ƙasa ke sauyawa da gocewa a kowane zurfi. Kamfanonin mai ne suka ɗauki nauyin gwaje-gwajen da suka haife ta, domin dandamalin haƙar mai a teku. Matlock ya gwada bututun ƙarfe mai kaurin kusan santimita 32 a laka mai laushi a tafkin Austin da kuma Sabine a jihar Texas, ya wallafa sakamakon a 1970. Reese da abokan aikinsa suka gwada bututu mai santimita 61 a yashin tsibirin Mustang, shi ma a Texas, suka wallafa a 1974. Manhajoji irin su LPILE a kan waɗannan suka ginu, kuma kowace tana tambayar mai amfani da ita halin kan turke kafin ta ba da amsa. Zaɓi ne na danna maɓalli ɗaya, kuma yana iya sauya sakamako fiye da duk wahalar da aka sha wajen gwajin ƙasa.

Da aka zo kafa injinan iska a tekun Turai sai aka ga iyakar waɗancan jadawalai. Bututun yanzu kaurinsa yakan kai mita takwas zuwa goma, tsawon da ke binne kuma bai fi ninki uku zuwa shida na kaurin ba, ga sakakken kai da turin da ke zuwa daga can sama. Irin wannan juyawa yake yi kusan a miƙe, ba ya lanƙwasa kamar siririn bututun Texas. Wannan ne ya sa aka yi aikin binciken PISA, wanda jami'ar Oxford ta jagoranci ɓangaren iliminsa, da gwaje-gwaje a lakar Cowden a Ingila da yashin Dunkirk a Faransa, aka fito da hanyar da ke lissafa har da gogayyar jikin bututun da tokarewar gindinsa.

Duk wannan lissafi a hannun mai fasa kan turke yake ƙarewa. Turken da aka zuba a rami, kankaren samansa yakan gauraya da laka da ruwa, don haka ake zuba shi ya wuce inda ake so sannan a fasa rarar. In aka sa babban injin fasa dutse aka yi ta dukansa, tsaga tana iya gangarawa ƙasa da layin da aka yanka, ba mai gani. In aka yi ta lanƙwasa rodin ana miƙarwa domin a sami hanyar wucewa, ya yi rauni tun kafin a zuba hula. In aka yanke shi gajere, ko aka bar tazara mai yawa tsakanin zobban da ke ɗaure shi a mitar farko, to kamun da injiniya ya rubuta babu shi. Shi ya sa injiniyan da ya zaɓi kamammen kai a lissafinsa ya kamata ya zana mahaɗar dalla-dalla, da tsawon rodi da tazarar zobba da zurfin shigar turke, kuma ya zo da kansa ya duba ta kafin motar kankare ta iso, domin da zarar an zuba hula ba a sake ganin wurin sai in an tono.